Me Ya Sa Ake Duba Zuciyar Wanda Ciwo Ya Shiga Jininsa?

'Yan'uwa, wani lokaci kukan kawo mana majinyaci jikinsa zau kamar wuta, ko kuwa ya yi sanyi ƙalau, yana haki, bai san inda kansa yake ba. Sai ku ga mun jawo na'urar nan da ake duba masu ciki da ita, wadda wasu ke kira eko, wasu sikanin, mun ɗora a ƙirjinsa. Har wani ya ce, "Malama, ai ba ciwon zuciya ya kawo mu ba." Gaskiyarsa. Amma ku saurari dalili.

Ciwon nan yakan faro daga abin da aka raina: gyambon da ya ruɓe, ciwon huhu, taifot da ya huda hanji, ciwon mafitsara, ko zazzaɓin da ya kama mai jego. Ƙwayoyin cuta su bazu, jiki ya tashi yaƙi da su, har yaƙin ya koma ɓarna ga jikin kansa. An ƙiyasta cewa a shekarar 2017 wannan ciwo ya kashe mutum wajen miliyan 11 a duniya. In ya kai matakin da jini ya faɗi ƙasa, ƙarin ruwa kuma ya kasa tayar da shi, kusan huɗu cikin goma ba sa tashi.

Ku ɗauki zuciya kamar injin ban-ruwa a fadama, jijiyoyin jini kuwa su ne tiyo. Ciwon yakan sa tiyon ya saki, ya riƙa yoyo, sai jini ya kasa isa ƙoda da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa fitsari ke ɗaukewa, hankali ya gushe. A wasu mutanen kuma injin kansa ne ya gaji. Daga waje duk kamarsu ɗaya, awon jini a hannu ba zai bambance su ba. Na'urar ce ke bambancewa.

Babu allura, babu yanka, babu zafi. Ana shafa ɗan mai mai sanyi, a ɗora kan na'urar tsakanin haƙarƙari, ta aika da sautin da kunne ba ya ji, ya dawo ya zama hoto. Aikin 'yan mintoci ne. Mace kuma ana rufe ta da zane, wurin da za a duba kawai ake buɗewa.

Lafiyayyar zuciya takan tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. In muka ga tana bugawa da ƙarfi amma cikinta fayau, babbar jijiyar da ke mayar mata da jini kuma ta lanƙwame, to ruwa take nema, sai mu ƙara. In kuwa muka ga ta kumbura tana matsawa da ƙyar, ƙarin ruwa zai zama laftawa gajiyayyen jaki kaya. Ruwan zai taru a huhu, numfashi ya gagara. Nan magani ake ba da shi ta jijiya, mai ɗaure tiyon ko mai ƙarfafa injin. Don haka, dan Allah, in kun ga an tsayar da ƙarin ruwa bayan leda biyu, kada ku ɗauka rowa ce ko sakaci. Na san a wurin mutanenmu ledar da ke rataye ita ce alamar ana aiki, amma ba kullum ba.

Hoton yakan kuma nuna inda ciwon ya dosa. In sashen dama na zuciya, mai tura jini zuwa huhu, ya raunana, ko kuwa zuciyar ta sandare ba ta saki sosai ta cika kafin bugu na gaba, haɗarin ya fi girma. Irin wannan majinyaci ne muke sa wa ido dare da rana, ko mu ce a gaggauta kai shi babban asibiti tun yana iya jure tafiya. Ga abin kwantar da hankali kuma: zuciyar da wannan ciwo ya gajiyar, in mai ita ya tsallake, yawanci takan dawo daidai cikin kwana 7 zuwa 10. Ba ciwon zuciya ne na har abada ba.

Sai dai na'ura ba ta duba ba ce irin ta boka, ba ta faɗin ranar kowa. Likita yakan haɗa hoton da yawan fitsari, da numfashi, da awon jini, ya sake dubawa gobe, gama abin da aka gani da safe yana iya sākewa kafin magariba. Kuma hoto ba magani ba ne. Abin da ke kashe ƙwayoyin shi ne allurar da ake so a fara cikin awa ta farko da isowarku, tare da fitar da mugunya inda ta taru.

Saboda haka duk mai zazzaɓi ko miki, ko mai jego, da ya fara sambatu, numfashinsa ya yi sauri, ko ya wuni bai yi fitsari ba, kada a jira wayewar gari ko ranar kasuwa. A nemi mota a kawo shi. Ku taho da kwalayen duk magungunan da ya sha a gida, har da na gargajiya, ku gaya mana ranar da ciwon ya fara da lokacin da ya yi fitsarin ƙarshe.