Bargon Guntayen Ƙyalle: Yadda Tarkacen Yadi Ya Zama Haja a Amurka

A ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata, jikokin bayin da suka yi noman auduga, sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin tufafi da buhunan yadi domin maganin sanyi. Tarihin sana'ar tasu yana nuna cewa farashin irin wannan haja ya dogara ne ga aikin hannu da kuma sunan mai yin sa, domin kuɗin kayan aikin kaɗan ne.

Bargon yana da hawa uku: fuska, da auduga a tsakiya, da bayansa. Fuskar ce ke cin lokaci. Akan yanka ƙyallaye a harhaɗa su su zama murabba'i, a bar rubu'in inci a kowane gefe domin ɗinki. Bargo mai murabba'i 30, kowanne da guntu 9, yana buƙatar guntaye 270. Bayan an jera su sai a kewaye su da gefe, wanda shi ma sau da yawa na haɗe-haɗe ne. Idan awo ya kauce kaɗan a kowane guntu, kuskuren yakan taru har gefen ya ƙi zama daidai. Saboda haka lada ya fi yadi tsada.

A shekarar 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, da taimakon wani limamin coci, Francis Walter, wanda ya fara sayen bargunan a kan dala 10 kowanne yana sayarwa a New York. Manyan kantuna irin su Bloomingdale's sun ba da odar kaya, amma bisa sharaɗin awo ɗaya da zane ɗaya, abin da bai dace da salon wasu matan ba. A 1972 kamfanin Sears ya ba ƙungiyar kwangilar ɗinka rigunan matashin kai. Kwangilar ta samar da albashi mai ɗorewa, ragowar yadin kuma matan suka mayar da shi barguna a gidajensu.

Darajar hajar ta sauya a 2002, lokacin da gidan adana kayan fasaha na birnin Houston ya baje kolin bargunan, kana aka kai su New York. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki guda 10. Daga nan aka riƙa sayar da wasu a kan dubban daloli, kowanne da sunan wadda ta ɗinka shi.

Darasin ga 'yan kasuwa shi ne: kwangilar babban kanti tana tabbatar da ciniki, amma mai saye ne ke yanke farashi. Riba mai tsoka tana zuwa ne idan kasuwa ta san mai sana'ar da sunansa.