Ruwan taki na rijiyar gas

Yara, kun san ganyayen da muke ci: alayyafo, yakuwa, rama, lalo, zogala, salati da shu. A Nijar, noman rani ya bunƙasa tun bayan farin shekarar 1984. In kun je Jiratawa kusa da Maraɗi, ko Mirya kusa da Damagaram, za ku ga garake kore shar a tsakiyar rani. Amma fangalin da ake shukawa kowace shekara yana gajiya. Takin zamani kuwa yana da tsada. To, akwai wani taki mai kyau da ake samu a gida: ruwan taki na rijiyar gas.

Mece ce rijiyar gas?

Rami ne da ake ginawa da bulo da siminti, a rufe shi ruf, iska ba ta shiga. Da faransanci ana ce masa biodigesteur. A Burkina Faso, maƙwabciyarmu, an gina dubbai a gidajen manoma tun daga shekarar 2010.

Kowace safiya ana dama ɗanyen kashin shanu da ruwa: bokiti 1 na kashi, bokiti 1 na ruwa. Sai a zuba a cikin rijiyar. A ciki akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke ruɓar da kashin, sai gas ya tashi ya bi tiyo zuwa murhu. Kilo 1 na kashin shanu yana ba da kamar lita 40 na gas. Wutarsa shuɗiya ce, ba ta hayaƙi. Uwar gida ta huta da neman itace.

Bayan kamar kwana 40, kashin da ya ruɓe yana fitowa ta ɗaya bakin rijiyar. Yana da ruwa-ruwa kamar kunu, warinsa ya ragu, ƙudaje ba su cika binsa ba. Shi ne ruwan taki.

Me ya sa ganye yake son shi?

Shuka tana bukatar manyan abinci 3 daga ƙasa: azot, fosfor da potas. Azot shi ne mai sa ganye ya yi faɗi, ya yi kore. In ya ƙaranta, tsofaffin ganyayen ƙasa su ne suke fara yin rawaya, kuma shukar ta tsumbure.

Gas ɗin da aka ƙona bai tafi da abincin shuka ba. Dukansu 3 suna nan cikin ruwan taki. Kuma ruɓar da kashin ya yi ta sa saiwa tana shan azot ɗin da sauri. Yawancin irin ciyawar da shanu suka ci ya mutu a cikin rijiyar, saboda haka haki yana raguwa a fangali. Ƙasa mai rairayi kuma tana ƙara riƙe ruwa.

Yaya ake aiki da shi?

1. A tara shi a rami mai inuwa, a rufe da zana ko kara. In aka bar shi a rana, azot yana bin iska, takin ya rage ƙarfi.

2. Kafin shuka ko dashe, a zuba shi a fangali, a gauraya da ƙasa da hauya, a jira ƴan kwanaki.

3. In shuka ta fito, a sirka shi: bokiti 1 na taki, bokiti 2 ko 3 na ruwa. Wanda ba a sirka ba yana iya ƙona ƙananan shuka.

4. A zuba da marece, a gindin shuka. Kada ya taɓa ganye.

5. In ya yi yawa, a haɗa shi da tattaka da busasshen ganye a rami, ya zama busasshen taki don gonar damina.

Mu kiyaye lafiyarmu

Rijiyar gas tana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba duka ba. Waɗanda suka rage suna iya kawo zawo ko tsutsar ciki. Salati ɗanye muke cin sa, don haka a daina zuba masa taki wata 1 kafin a cire shi. In an haɗa rijiyar da masai, kada a sa takinta ga ganyen da ake ci ɗanye. A wanke ganye da ruwa mai tsabta. A wanke hannu da sabulu bayan aiki. Kada ramin taki ya kusanci rijiyar ruwan sha. Yara, kada ku yi wasa a bakin rijiyar gas, kada ku kai wuta kusa da ita.

Mu riƙe

Kashin shanu yana ba mu wutar girki, sannan ya ba mu taki. Ruwan taki yana son inuwa. Ana sirka shi, a zuba a gindin shuka.

Tambayoyi

1. Wane abinci ne yake sa ganye ya yi kore?

2. Don me ake rufe ramin taki?

3. Wani manomi yana zuba kilo 25 na kashin shanu kowace rana. Lita nawa na gas zai samu a rana?

4. Ku shuka alayyafo a fangali 2 a garkar makaranta, ɗaya da ruwan taki, ɗaya babu. Ku auna tsawon shukar kowane mako, ku rubuta abin da kuka gani.