Kada A Yi Saurin Sauke Giyabos

A ranin da ya wuce, wata ƙungiyar manoma da nake zagayawa wurinta, a wani ƙauye bayan Samaru, ta loda kwandunan tumatir a tsohuwar a-kori-kurarta za a kai kasuwa. Tun daga gida direba ya ji giya tana yi masa gardama. Da suka iso Kwangila, inda motoci ke cunkushewa a ƙarƙashin gada, ya taka kuloci ya nemi lamba ɗaya, sai ƙara kawai kamar ana niƙa tsakuwa. Aka tura motar gefe. Bakaniken da aka fara kirawowa daga Sabon Gari ko bonet bai buɗe ba, ya ce giyabos ya mutu, sai an sauke. Kuɗin da ya yanka ya kusa cinye ribar lambun duka. Ma'ajin ƙungiya ya ce shi kam ba zai taɓa asusu ba sai an ji ta bakin wani. Na biyun, wani dattijo, ya leƙa kwalbar man kuloci ya tarar ta bushe ƙaf. Ashe roba ce ta mutu a masta ta ƙasa, mai ya tsiyaye. Kafin la'asar mota ta tashi, amma tumatir ya riga ya sha rana, aka sayar da shi a wulaƙance.

'Yan'uwa, motar ƙungiya ba ta mutum ɗaya ba ce, gumin mutane da yawa ne. Da dama kuma tsofaffi ne: ko Fijo 504 irin wadda aka harhaɗa a Kakuri, Kaduna, inda kamfanin Peugeot ya fara aiki a 1975, ko Toyota Hilux da aka saya ta hannu. Saboda haka ya kamata shugaba da ma'aji, ba direba kaɗai ba, su san abin da za su tambaya kafin a fid da kuɗi.

Kuloci wani faifai ne da ke tsakanin injin da giyabos. Idan ƙafarka ba ta kansa, wani murfi mai sifirin yana matse faifan a jikin injin, sai ƙarfi ya wuce zuwa tayoyi. Idan ka taka, murfin ya saki faifan, injin ya rabu da giya, sa'an nan ka canja. Ciwonsa iri biyu ne: ko ya ƙi saki, ko ya ƙi kamawa. Maganinsu ba ɗaya ba ne, kuɗinsu ma ba ɗaya ba.

Ƙin saki shi ne abin da ya sami motar tumatir. Ga yadda ake gane shi, ba sai da sifana ba. A kashe injin, a taka kuloci, a zaga giyoyin duka. In sun shiga sumul, amma da an ta da injin sai su ƙi, ko ribas ta yi ƙara, to da wuya laifin giyabos ne. A Fijo 504 da Hilux mai ne ke tura kuloci, irin man birki. Akwai masta ta sama wadda ƙafa ke turawa, da ta ƙasa a jikin giyabos. A duba kwalbar mai tukuna. A shafa bayan abin takawa ta cikin mota, a leƙa kuma ƙarƙashi, ko akwai jiƙa. Sa'an nan a taka kuloci sau biyar ko shida a jere, a gwada giya. Idan ta shiga, iska ce ta shiga layin ko roba ta gaji, aikin awa ɗaya ko biyu ne. Amma ina roƙonku, kada a zuba baƙin mai a kwalbar nan don an rasa man birki a ƙauye. Yana kumbura robobin, a wayi gari masta biyu duk sun lalace. Waɗansu ƙananan motoci waya ce ke jan kulocinsu, su kuma sau da yawa ɗaure wayar ko canja ta ya isa.

Ƙin kamawa shi ne mai cin kuɗi. Alamarsa, ka taka totur a hawa, injin ya yi ta ruri amma mota ba ta ƙara gudu, wani lokaci har da ƙauri kamar ana ƙona tsumma. Don a tabbatar, a sami fili wanda ba kowa a gaba, a ja birkin hannu sosai, a sa lamba uku, a saki kuloci sannu a hankali. Injin mai lafiyayyen kuloci mutuwa zai yi nan take. In ya ci gaba da aiki, faifai ya cinye. Sau ɗaya ya isa, gama gwajin kansa yana cin faifai.

Wannan ciwo kuwa mu ne muke jawo shi. An yi a-kori-kura irin 504 don kaya kamar tan ɗaya, watau buhu goma na masara mai kilo 100. Ranar kasuwar Giwa ka tsaya bakin hanya ka ƙirga abin da ake ɗora mata, da mutane a bisa kayan. Ga kuma halin direbobi na ajiye ƙafa a kan kuloci suna tafiya, da riƙe mota da rabin kuloci a cunkoson PZ maimakon a sa furi a taka birki. In mota ta kafe a fadama, a sauke kaya a tura. Minti goma na murza taya a laka yakan ci abin da tafiyar watanni ba ta ci ba.

Akwai lokacin da laifin giyabos ne da gaske. Idan giya ɗaya tak ce ke ƙara, misali lamba biyu, sauran kuwa lafiya, zoben tagulla da ke daidaita gudunta ne ya cinye. Idan giya tana fita da kanta, a fara duba robobin da injin da giyabos ke zaune a kai, da gindin sandar giya, kafin a buɗe ciki. A duba mai kuma, domin yawancinmu ba ma tunawa giyabos yana shan mai. A nan a bi littafin motar: tsohuwar 504 baƙin mai irin na injin take sha a giyabos, Hilux kuwa man giya mai kauri. Kukan da ke zuwa sa'ad da aka taka kuloci, ya ɗauke in an saki, boris ne na kuloci.

In dai an tabbata sai an sauke giyabos, to a canja faifai da murfi da boris gaba ɗaya. Kuɗin aikin saukewa ɗaya ne, kuma ba wanda ke so ya biya shi sau biyu a damina ɗaya. A sa bakanike ya duba ko baƙin mai yana yoyo daga bayan injin, gama in ya jiƙa sabon faifai, shi ma santsi zai yi. Kayan Beljiyam suna da ranarsu, giyabos na hannu yakan yi shekaru, amma ni ban yarda da faifan kuloci na hannu ba. Mutum biyu na ƙungiya su bi bakanike shago a Sabon Gari, a karɓi rasit, a dawo da tsofaffin kayan a nuna wa 'yan ƙungiya a taro na gaba.