Shekara 17 Har Abada: Wa Ke So?

A fim ɗin Twilight na 2008, Edward mai shan jini ya tsaya cak a shekara 17 tun 1918. 'Yan ɗakinmu sun yi ta santinsa. Budurwarsa Bella kuwa tsufa take tsoro, har ta yi mafarki a New Moon ta zama tsohuwa, shi yana nan saurayi.

Ni dai Claudia ta Interview with the Vampire (1994) ce ta tsaya mini a rai. Tana ƙaramar yarinya Lestat ya mayar da ita mai shan jini. Shekaru suka shuɗe, hankali na babbar mace, jiki na yarinya. Ta datse gashinta cikin fushi, nan take ya dawo yadda yake. Daga nan ta ƙudurta kashe Lestat.