JINJIRINKI YA ƘI NONO YANA HAKI? KADA KI JIRA ARBA'IN

Uwargida, ki karanta wannan. In ba ki karatu, ki sa malamar asibiti ta karanta miki.

MECE CE BABBAR JIJIYA?

Zuciya ita ke tura jini ko'ina a jiki. Jinin yana fita ta wata babbar jijiya, likitoci suna kiranta awota. Da ta fito daga zuciya sai ta yi sama, ta lanƙwasa kamar lauje, sa'an nan ta gangara ƙasa. A wurin lanƙwasar nan rassa 3 suke fita, su kai jini ga kai da hannuwa. Sauran jinin ya wuce zuwa ciki da ƙoda da ƙafafu.

INA MATSALAR TAKE?

Akan haifi wani yaro da jijiyar nan a tsuke, daidai ƙarshen lanƙwasar. Kin ga tiyon ruwa in an taka shi? Ruwa ya taru a baya, gaba kuwa sai ɗigo. To, haka abin yake. Jini ya yi yawa a kai da hannuwa, ya yi kaɗan a ciki da ƙafafu, zuciya kuma ta yi ta wahala har ta gaji.

Cikin jarirai 10,000, kimanin 4 ake haifa da wannan tsukewa. Ta fi samun maza. Halitta ce tun daga ciki. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, ba laifinki ba ne, kuma ba a ɗaukarta daga wani yaro.

ME YA SA AKE HAIFARSA LAFIYA ƘALAU?

Jinjiri yana cikin ciki da wata 'yar jijiya ta musamman wadda ke ratse wurin da ya tsuke, ta kai jini ƙasa. Bayan haihuwa 'yar jijiyar nan takan rufe da kanta cikin 'yan kwanaki. Da ta rufe sai ciwo ya bayyana. Shi ya sa yaron da aka haifa garau yakan rikice wajen ranar suna, ko mako guda bayanta. Irin wannan yaro in aka yi jinkiri ana iya rasa shi cikin kwana ɗaya ko biyu.

ALAMUN DA ZA KI DUBA GA JINJIRI

1. Yana numfashi da sauri, sau 60 ko fiye a minti ɗaya, ko yana nishi.
2. Ya kama nono ya saki, ya gaji tun bai ƙoshi ba.
3. Gumi yana keto masa a goshi in yana shan nono.
4. Ƙafafunsa sun yi sanyi, tafin hannunsa da leɓensa sun koɗe.
5. Fitsari ya ragu, ba ya jiƙa tsumma kamar da.
6. Jikinsa ya saki, barci ya yi yawa.

In kin ga ko ɗaya daga cikinsu, ki kawo shi asibiti nan take, ko da dare ne. Jego ba ya hana zuwa asibiti. In maigida ba ya nan, ki nemi babba a gidan ya rako ki.

ABIN DA BA ZA KI YI BA

Kada a kira wanzami a ce beli ne ya hana shi shan nono. Cire beli ba ya buɗe jijiya, sai dai ya jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta. Kada a yi masa tsaga a ƙirji. Kada a ɗura masa jiƙo. Kada ki sayi maganin mura a kemis ki zauna jira.

IN YARO YA GIRMA FA?

In tsukewar ba ta yi tsanani ba, yaro yana iya girma da ita ba a sani ba. Ki lura da yawan ciwon kai, da haɓo, da sanyin ƙafa, da ciwon ƙafa in ya yi gudu. Hawan jini ga ƙaramin yaro ba abin wasa ba ne, a binciki dalilinsa.

Akwai kuma wanda jijiyar tasa takan rabu biyu, ta zagaye hanyar iska da hanyar abinci kamar zobe, ta matse su. Shi za ki ji numfashinsa yana ƙara kullum, yana ƙwarewa, musamman in ya fara cin abinci mai ƙarfi. Shi ma a kawo shi.

ABIN DA ZA MU YI A ASIBITI

Malama za ta taɓa bugun jini a hannunsa, ta taɓa a matse-matsinsa, wato inda cinya ta haɗu da mara. In na hannu yana da ƙarfi, na cinya ba ya jiyuwa, alama ce babba. Za a auna jininsa a hannu da ƙafa. Daga nan a tura ku babban asibiti don a ɗauki hoton zuciya. Hoton ba ya zafi, ba a huda jiki.

AKWAI MAGANI

Jinjirin da ya galabaita, akwai maganin da ake sa masa ta jijiya don 'yar jijiyar nan ta zauna a buɗe kafin a yi aiki. Aikin kuwa, akan sa shi barci, likita ya shiga ta haƙarƙarin hagu, ya yanke wurin da ya tsuke, ya ɗinke bakin jijiyar biyu. Manyan yara wani lokaci ba sai an yanka ba, akan zura siririn bututu ta cinya a buɗa wurin.

Aikin nan ba sabo ba ne. Tun 1944 wani likita mai suna Clarence Crafoord ya fara yinsa a ƙasar Suwidin. Yawancin yaran da aka yi wa da wuri suna girma, su yi makaranta, su yi aure. Ba kowane asibiti ke yinsa ba, likita zai gaya muku inda za ku.

Bayan aiki kada a daina zuwa awo. Wurin yana iya sake tsukewa, hawan jini kuma yana iya zuwa daga baya.

KI TUNA

Ki kawo jinjirinki a duba shi ranar haihuwa, da kwana 3, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, da mako 6. Duk zuwan da kika yi, ki ce, “Malama, a taɓa mini bugun cinyarsa.” Minti ɗaya ne kawai.

Lafiya uwar jiki. Ki gaya wa maƙwabciyarki.

Ma'aikatar Lafiya ta Jiha
Sashen Kula da Mata da Yara