Gidan Haɗi a Ƙauye: Abin da Magidanci Zai Auna Kafin Ya Ba da Kuɗinsa



Kwanan baya wani dattijo da ya fi shekara 20 yana fatauci a Abijan ya tare mu a ƙofar masallaci bayan La'asar, ya miƙo mana wayarsa. Hoton wani farin gida ne, mai ɗaki biyu da falo da tagogin gilashi. An ce masa a masana'anta ake ƙera shi, a ɗauko a mota, a kafa masa a bakin gonarsa cikin ƴan kwanaki. Da muka tambaye shi abin da ya ja hankalinsa, sai ya yi shiru, sa'annan ya ce sau biyu yana aiko da kuɗin gini gida, sau biyu yana zuwa ya tarar da harsashi ya tsaya iya gwiwa, awaki na kwana a kan tarin yashi. Ya gaji da rigima da ƴan'uwa, yana son abin da zai biya ya gan shi a tsaye.

Ba mu ga laifinsa ba. Irinsa suna da yawa cikin ƴan ci-rani da ma'aikatan da suka kusa ajiye aiki, masu son komawa ƙauye su kama garka ko kiwo. Amma tun da gumin shekaru ne za a zuba, kuma iyali ne za su kwana a ciki, ya kamata a zauna a auna.

Mene ne gidan haɗi?

Shi ne wanda a Faransanci ake ce wa préfabriqué, wato gidan da ake ƙera sassansa a wani wuri, a kawo su a haɗa a fili. Iri uku aka fi gani a wajenmu.

Na farko kwantena ce ta jirgin ruwa, a yanke mata ƙofa da taga. Ƙaramar tana da tsawon kimanin mita 6, babbar mita 12, faɗinsu duka bai kai mita 2 da rabi ba. Wato a cikin ƙaramar, in an sa gado da akwati, abin da ya rage bai wuce wurin shimfiɗa tabarma ba.

Na biyu shi ne mai falle-falle, irin wanda kamfanonin hanya ke kafa wa ma'aikatansu. Bangonsa kwano ne biyu marasa kauri, an cusa abin tare zafi a tsakaninsu, kaurin duka santimita 5 zuwa 10. Yawancinsa daga ƙasashen waje ake shigo da shi, musamman Sin da Turkiyya.

Na uku shi ne wanda masu walda na Maraɗi ko Damagaram ko Yamai ke yi: su ƙera ginshiƙan ƙarfe da rufi da ƙofofi a shagonsu, a kai ƙauye a ɗaure, sai magini ya cike bango da tubali ko bulo.

Amfanin gidan haɗi a bayyane yake. Yana da sauri, ba ya cin ruwa mai yawa wurin aiki, abin da kuwa ke da muhimmanci a ƙauyen da mata ke kwana a bakin rijiya, kuma kuɗinsa a yanke yake tun farko. Bugu da ƙari ana iya kwance shi a ɗauke, wanda ginin ƙasa ba ya yarda da haka.

A fara da filin

Gonakinmu da yawa na gado ne da ba a raba ba. Mutum ya kafa gida a gonar mahaifinsa da yardar baki ta yayyensa, bayan ransa sai ƴaƴa su wayi gari a gaban alƙali. Saboda haka kafin a yi maganar gida, a raba gado, ko a samu yardar dukkan magada a rubuce, har da mata, domin su ne aka fi mantawa da su a irin wannan zama. A Nijar, dokar karkara ta shekarar 1993 ta kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, tun daga matakin ƙauye har gunduma, kuma ta hannunsu da na hakimai ake samun takardar shaidar mallaka ko ta saye ko ta kyauta. A wurinsu ne kuma za a tabbatar cewa filin bai shiga burtali ba. In fili na aro ne ko na jingina, to a nan gidan da ake kwancewa ya fi kowane dacewa.

Sa'annan a tambayi tsofaffin ƙauyen inda ruwa ke bi. Daminar 2024 ta koya mana darasi: ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1, har tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara 150, ya rushe a watan Satumba na shekarar. Bayan irin wannan masifa mutane kan yanke wa ginin ƙasa hukunci su ce ƙarfe ne mafita. Amma wanda ya kafa gida a kwari ko a bakin gulbi, ko da ƙarfe ya yi shi ruwa zai shiga masa. A nemi tudu, a ɗaga daɓe sama da ƙasa sosai.

Hanya da kuɗin da ba ya cikin hoto

Farashin da ake nuna wa mutum a waya galibi na ƙofar masana'anta ne. Mu kuwa ba mu da teku. Daga Kwatano zuwa Yamai kimanin kilomita 1,000 ne, kuma bayan rufe iyaka da Benin a 2023 kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanyar da ta fi tsawo da tsada. Sai a haɗa kuɗin jirgi da na tashar ruwa da na duwan da na mota, sa'annan a tuna cewa kwalta ba ta kai ƙofar gonar ba. Ƙaramar kwantena, babu komai cikinta, ta fi tan 2; babbar ta kusa tan 4. Sauke ta sai da mota mai ƙugiya, ita kuma ba ta son yashi, ba ta son laka. Wanda ƙauyensa ke bayan rairayi, ko bayan gulbin da ke yanke hanya da damina, ya fi masa sauƙi ya zaɓi wanda ke zuwa falle-falle, wanda ƙarti za su iya saukewa da hannu, kuma ya sa a kawo da rani.

Bayan an sauke ma da sauran aiki. Akwai harsashi, akwai salga, akwai ruwa, akwai farantin hasken rana, akwai katanga. Duk wannan magini ne da lebura za su yi shi, da siminti da yashi, wato amanar da ake gudun bayarwa sai an ba da wani sashe nata. A rubuta waɗannan duka a takarda ɗaya, a gwada jimlar da abin da maginin ƙauyen zai karɓa ya yi ɗakuna masu girma ɗaya. Daga nan ne za a san mai araha.

Bazara ce alƙali

A watannin Afrilu da Mayu zafi a Yamai da Tawa kan haura digiri 40 a inuwa. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida sun riga sun fito tsakar gida. Kwano ba shi da wannan haƙuri. Kwantenar da ba a yi wa rigar tare zafi ba, da azahar tanda ce, kuma tsoho da mai jego da jariri su ne ke wuni a ɗaki.

Saboda haka a tambayi mai sayarwa abin da ke cikin bangon. In farin soson nan ne mara nauyi da ake naɗe firiji da shi a kwali, yana tare zafi kuma shi ya fi araha, amma yana narkewa ya kama wuta, don haka kada murhu ko kaskon garwashi ya kusance shi. Wanda ake ce wa audugar dutse ba ya cin wuta, sai dai ya fi nauyi da tsada. Kowanne aka zaɓa, a yi masa rufi na biyu a bisa, a bar tazarar da iska za ta ratsa, a kuma fito da bakin rufin ya yi wa bango inuwa. A juya dogayen bangaye su dubi kudu da arewa, a sa tagogi masu kallon juna.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa. Gidan ƙasa nauyinsa ke riƙe shi. Gida mara nauyi sai an ɗaure shi da ƙarfe cikin kankare, a kowace kusurwa. Ita kwantena ƙarfinta a kusurwoyinta huɗu yake, kuma duk inda aka yanke mata bango sai an ƙarfafa wurin da walda. Katakon daɓenta galibi an shayar da shi maganin ƙwari mai ƙarfi, ba a kuma san kayan da ta taɓa ɗauka ba. A cire shi ko a rufe shi da kyau kafin yaro ya yi rarrafe a kai.

Gidan wa aka auna?

Gidan da dattijon nan ya nuna mana an zana shi ne don miji da mata da ɗa ɗaya ko biyu, masu dafa abinci a cikin ɗaki, masu karɓar baƙo a falo. Namu zaman daban ne. Baƙo a zaure yake tsayawa, mata na da tsakar gidansu da ido ba ya kaiwa, ana daka ana girki a waje, yara maza da mata in sun tasa a raba musu makwanci, mai mata biyu kuma kowacce da ɗakinta daidai da na ƴar'uwarta. Idan aka lura, gidan Bahaushe tun asali ɗaki-ɗaki yake girma: a ja katanga, a yi zaure da ɗaki ɗaya, in ɗa ya yi aure a ƙara masa nasa.

Wannan ita ce shawararmu ga mai sha'awar gidan haɗi. Ya fara da katanga da salga da rumfa, ya sayi ɗaki ɗaya kawai, ya bar shi ya ga bazara ɗaya da damina ɗaya. In ya yi, ya ƙara. In bai yi ba, ya zama ɗakin ajiya ko shago, asarar ba ta karya shi ba. Kuma ya tambayi kansa: ranar da falle ɗaya ya lotse, ko kusa ta yi tsatsa rufi ya fara yoyo, wa zai gyara a ƙauyen? Abin da mai walda na kasuwar mako zai iya taɓawa ya fi abin da sai an yi odarsa daga bayan teku. Ta wannan fuska iri na uku, mai ginshiƙin ƙarfe da bangon tubali, ya fi kusa da hannunmu.

Kada kuma a yanke shawara ba a duba ginin ƙasa na zamani ba. Tun 1980 aka fara koyar da gini marar itace a Cikal, cikin yankin Filinge, inda ake rufe ɗaki da tubali zalla ta hanyar baka da ƙubba, ba azara ba kwano, dabarar da ta samo asali daga Nuba a bakin kogin Nilu. A Burkina Faso ƙungiyar La Voûte Nubienne, wadda aka kafa a shekarar 2000, ta horar da magina a kan irin wannan rufi. A Dandaji ta jihar Tawa, masallacin da Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka zana, aka kammala a 2018, da tubalin ƙasa da aka matse da inji aka gina shi. Ginin ƙasa na son harsashi mai kyau da indararo da yaɓe a kan lokaci, amma kuɗinsa a ƙauyen yake zama.

A rubuta

Sayen abin da ba a ƙera ba tukuna yana da hukuncinsa, don kada ya zama cinikin biri a sama. Malamanmu na Malikiyya sun sa shi a babin salam: a bayyana siffar kaya filla-filla, a yanke ranar kawowa, a biya kuɗi tun farko. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yarda a yi shi da sunan istisna'i, a biya kashi-kashi, a kuma sa sharaɗin tara in an yi jinkiri ba da uzuri ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara kuwa ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu.

To a rubuta tsawo da faɗi, da kaurin bango da abin da ke cikinsa, da kaurin kwanon rufi, da wanda zai biya duwan, da wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace a hanya, da wanda zai haɗa. A riƙe kashi na ƙarshe sai gida ya tsaya. Kafin a ba da ko dala, a roƙi mai sayarwa ya nuna gidan da ya kafa shekara 2 ko 3 da suka wuce, a je da azahar a shiga a zauna, a tambayi matar gidan, domin ita ce ta san gaskiyarsa. Gani ya kori ji.

Dattijon da muka fara da labarinsa ya ce zai je ƙauye bayan kaka ya tara ƴan'uwansa a kan maganar gonar, ya kuma sa a auna masa hanyar daga kwalta. Maganar ɗaki ɗaya bai amsa mana ba tukuna, ya ce sai ya yi shawara da uwargida.

Allah Ya ba kowa muhalli mai albarka, Ya kuma tsare mana zumunci. Wassalam.