Me ya sa kyanwar gida ke buƙatar allurar rigakafi?

A ƙauyukan Ajingi da Gaya, a gabashin Jihar Kano, ba don ƙawa ake ajiye kyanwa ba. Ita ke gadin rumbun gero da dawa da gyaɗa daga ɓarnar ɓera, kamar yadda take tsare shagunan ’yan hatsi a birni. Sai dai idan ma’aikatan lafiyar dabbobi suka fito, shanu da tumaki da awaki ake kora musu, a bar kyanwa a tsakar gida, alhali ita ce dabbar da ke shiga ɗaki ta kwana kusa da yara.

Babban abin tsoro shi ne cutar haukan kare. Sunan na iya ruɗar mutum, domin tana kama kyanwa kamar yadda take kama kare, kuma kyanwar na iya sa wa mutum ta hanyar cizo ko yakushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Mafi yawansu cizon kare ne sanadi, amma muzurun da ke yawon dare yana haɗuwa da karnukan da ba su da mai su. Da zarar alamomi sun bayyana a jikin mutum, da wuya ya rayu.

Ana yi wa kyanwa allurar wannan cuta idan ta kai wata 3, sannan a riƙa maimaitawa bisa tsarin da likita ya bayar, galibi shekara-shekara. Akwai kuma allurar haɗaka da ke kare ta daga murar kyanwoyi da wata cutar amai da gudawa mai saurin kashe ƙanana. Ita ana farawa tun tana da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan mako 3 ko 4 har ta kai mako 16. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa alluran dabbobi, ciki har da ta haukan kare. Dole allurar ta zauna cikin sanyi, don haka a nemi ƙwararren ma’aikaci ta sashen noma na ƙaramar hukuma ko asibitin dabbobi, a kuma karɓi katin shaida.

Kyanwa mai cin ɓera tana ɗaukar tsutsar ciki, saboda haka tana buƙatar maganin tsutsa duk bayan wata 3. Shinkafar ɓera da ake zubawa a sito kan halaka ta, ko ta ci kai tsaye ko ta ci ɓeran da ya ci. Kada a ba ta Paracetamol, domin ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Mai juna biyu kuwa ta bar wa wani kwashe kashinta, saboda ƙwayar cutar da ke iya illata ɗan tayi.

Ba kowace kyanwa ce ta Lami ba. Idan ta yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ba tare da jiran ciwon ya kumbura ba. Ita kuma a killace ta kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi.